Moses Finley: Malamin tarihin Girka da Amurka ta kora, Ingila ta karrama

A watan Maris na 1952 wani malamin tarihi na Jami'ar Rutgers ya gurfana gaban kwamitin Majalisar Dattawan Amurka mai binciken tsaron cikin gida. Aka tambaye shi ko ya taɓa zama ɗan jam'iyyar Kwaminis, ya ƙi amsawa, yana dogaro da sashen tsarin mulki da ya hana a tilasta wa mutum ba da shaida a kan kansa. Kwamitin malaman jami'ar bai ga dalilin hukunta shi ba, amma hukumar gudanarwa ta sallame shi a ƙarshen Disamba, yana ɗan shekara 40.

Malamin shi ne Moses Finley, wanda aka haifa a New York a 1912, ya kuma kammala digirin farko a Jami'ar Syracuse yana da shekara 15 kacal.

Tun kafin korar ya nuna inda ya sa gaba. Bai ɗora bincikensa na digirin dakta a kan sarakuna ko yaƙe-yaƙe ba. Duwatsu ya bi, irin waɗanda mutanen Atina ta dā ke kafawa a gonakin da aka ba da jingina, da rubutu a jikinsu. Daga cikinsu ya fahimci cewa masu hali ne ke cin yawancin bashin, kuma don biyan bukatu irin su dukiyar aurar da 'ya, ba don faɗaɗa noma ko kasuwanci ba. Wannan fahimta ce ta zama ginshiƙin aikinsa: kuskure ne a ɗauki ma'aunin jari-hujjar yau a auna mutanen da martaba da mallakar ƙasa suka fi damun su fiye da riba.

Yana zaman rashin aiki ya fitar da The World of Odysseus a 1954. A ciki ya ce al'ummar da waƙoƙin Homer ke siffantawa ta ƙarni na 10 da na 9 ce kafin haihuwar Annabi Isa (AS), al'ummar da musayar kyauta ke ƙulla zumunci tsakanin manya. Littafi ne ƙarami, mai sauƙin karatu, abin da ba kowane farfesa ke iya rubutawa ba.

A 1955 Jami'ar Cambridge ta ɗauke shi aiki. Ya zama farfesan tarihin dā a 1970, shugaban Kwalejin Darwin a 1976, a 1979 kuma Sarauniya ta ba shi lambar Sir. A tsakani, a 1973, ya fitar da The Ancient Economy, wanda har gobe masana ke jayayya a kansa, musamman masu haƙo kayan tarihi da ke ganin ya rage wa cinikin teku girma.

Inda ya fi taɓa masu kambama Girka shi ne batun bauta. Ya nace cewa 'yancin da ake yaba wa Atina da shi tare ya girma da bautar da bayi, ba a raba su. A littafinsa na 1980 ya ƙidaya al'ummu biyar da ya ce a kan bayi aka gina su: Girka, Rum, Brazil, tsibiran Karibiyan da kudancin Amurka. A nan kam lissafin ya gaza, domin binciken masana irin su Paul Lovejoy a kan Daular Sakkwato ya nuna cewa Afirka ta Yamma ma tana da gurbi a wannan muhawara.

Matarsa Mary, wadda suka bar Amurka tare, ta rasu ranar 22 ga Yuni, 1986. Da labarin ya riske shi sai shanyewar jiki ta same shi, washegari shi ma ya cika.