Ko Ka Sani? Jakin Sararin Sama da Baƙon da Ke Neman Hayarsa

Ko ka sani, ya kai mai karatu, cewa tun ranar da 'yan'uwan nan biyu, Wright, suka fara rabuwa da ƙasa cikin na'urarsu a shekarar 1903, jirgin da aka fi ƙerawa a duniya ba irin wanda ke kwasar alhazai daga Kano zuwa Jidda ba ne, wani ɗan ƙarami ne mai kujera huɗu da inji ɗaya da farfela ɗaya a hanci, wanda ake kira Cessna 172? An fara gwada tashinsa a 1955, aka fara sayar da shi a 1956 daga birnin Wicita na jihar Kansas ta Amurka, kuma zuwa yau abin da aka ƙera daga irinsa ya haura 44,000. Da za a ba ni izini in raɗa masa suna, da jakin sama zan kira shi, domin halinsa halin jaki ne: ba ya sauri, ba ya alfahari, yana da haƙuri da mahayin da bai ƙware ba, kuma da wuya ka shiga garin da ke da ƙaramin filin jirgi a Amurka ko Turai ba ka tarar da ɗaya a ɗaure ba.

Wannan yawa nasa shi ne ya sa ya zama abin da baƙo ke fara nema. Idan matuƙin da ba shi da jirgin kansa, wanda yake tashi don sha'awa ko don tara awoyi, ya yi ƙaura daga wani gari zuwa wani saboda aiki ko aure ko karatu, to ya baro malaminsa da abokansa da filin da ya san kowace kwanarsa; amma muddin ya leƙa cikin 172 a sabon wuri, hannunsa zai kai ga makunnin mai da linzami da birki ba tare da ya lalaba ba, kamar yadda almajiri ke gane allo ko a wace tsangaya ya sauka.

Hikimar ƙirarsa tana cikin sauƙinta. Fukafukansa, waɗanda tsawonsu daga wannan gefe zuwa wancan ya kai mita 11, a saman kan matuƙi suke, kuma a cikinsu ake zuba mai, ta yadda man zai gangaro zuwa inji da nauyin kansa. Ga shi kuma suna yi wa na ciki inuwa, suna bar masa ƙasa a buɗe ya gan ta sarai. Tayarsa ta uku tana gaba, saɓanin yayansa 170 wanda tasa take a wutsiya, kuma wannan canji kaɗai ya sauƙaƙa sauka ƙwarai ga mai koyo. Injinsa iska ce ke sanyaya shi, babu ruwa balle a yi fargabar yoyo. Na farkon yana da ƙarfin doki 145, na yanzu kuwa 180, yana tafiyar kilomita 220 da 'yan kai a sa'a, yana kuma iya saukowa da gudun da bai wuce na motar haya a kan hanyar Zariya ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne sha'anin wutarsa: kowace silinda tana da fulogi biyu, kuma waɗannan fulogai ba daga batir suke samun wuta ba, daga wasu na'urori biyu ne da ake kira maganeto, kowace mai zaman kanta, waɗanda injin da kansa ke juyawa. Ma'anar wannan ita ce, ko da batir ya mutu, rediyo ya yi shiru, fitilu suka ɗauke, injin zai ci gaba da aiki. In kuma maganeto ɗaya ta gaza, 'yar'uwarta ta isa ta kai mutum gida.

Wanda yake shakkar juriyar wannan na'ura, sai ya ji abin da ya faru a Las Begas. Ranar 4 ga Disamba 1958 mutum biyu, Robert Timm da John Cook, suka tashi cikin 172, ba su sake taɓa ƙasa ba sai ranar 7 ga Fabrairu 1959, bayan kwana 64 da sa'o'i 22. Idan mai ya yi ƙasa sai su sauko dab da wata miƙaƙƙiyar hanya a hamada, mota tana gudu a ƙarƙashinsu, su jawo mesa su cika tanki, su karɓi abinci da ruwa da igiya, su sake hayewa. Har yanzu babu wasu mutane da suka daɗe a cikin jirgi haka ba sauka, kuma jirgin yana nan rataye a rufin filin jirgin birnin. Duk da haka an taɓa daina ƙera shi daga 1986, saboda yawan ƙararrakin diyya da suka yi wa kamfanonin ƙananan jirage nauyi, sai da majalisar Amurka ta yi doka a 1994 wadda ta iyakance wa'adin irin waɗannan ƙararraki sannan aka koma aiki. Shi ya sa mafi yawan waɗanda baƙo zai tarar ana haya tsofaffi ne, wasu sun girmi matuƙansu, kuma ba a ganin wannan aibi ne matuƙar littafin gyaransu a cike yake.

To, ina baƙo zai dosa? Ƙofofi biyu ne. Ta farko ita ce makarantar koyon tuƙi ko kamfanin da ke sayar da mai a filin, inda ake biyan haya sa'a sa'a, ba dangin iya ba na baba. Ta biyu ita ce ƙungiyar matuƙa, inda mutum goma ko ashirin ko hamsin suke tarayya a jirgi ɗaya ko uku, kowa ya ba da kuɗin shiga da na wata-wata, a raba nauyin inshora da rumfa da makaniki, sa'annan kuɗin sa'a ya sauko. A wasu ƙungiyoyin sai ka sayi kaso a jirgin, ka zama abokin shirka na haƙiƙa. A wasu kuwa memba ne kai kawai. Asalin wannan tsari tsoho ne. A 1925, shekarar da kamfanin de Havilland ya fito da ƙaramin jirginsa Moth, gwamnatin Ingila ta tallafa wa wasu ƙungiyoyi da irin waɗannan jirage domin talaka mai albashi ya iya koyo. A ɗaya daga cikinsu, ta Landan, wata sakatariya mai suna Amy Johnson ta koya, har ta tashi ita kaɗai zuwa Ostireliya a 1930. A ƙarshen wannan shekara ta 1925 ɗin ne kuma jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, karo na farko da jirgi ya taɓa ƙasar Najeriya.

A Amurka, inda filayen da jama'a ke iya sauka sun kai kimanin 5,000, ƙungiyar masu jirage da matuƙa ta AOPA, wadda aka kafa a 1939, tana da jerin ƙungiyoyi a intanet da mutum zai duba gari gari. Sai dai a ra'ayina jerin suna bai taɓa maye gurbin takawa da ƙafa ba. Fataken da, idan sun sauka zango a Gwanja ko Kumasi, ba su buɗe kaya sai sun sami fatoma wanda ya san gari, ya san mai gaskiya da mai ha'inci. Haka shi ma matuƙi, abin da ya fi masa shi ne ya je filin da safiyar Asabar, ya karanta takardun da aka manna a allon sanarwa, ya gaisa da tsofaffin da ke zaune bakin rumfa, kuma fiye da kowa ya nemi makaniki, domin shi ne ya san jirgin da ake kula da shi da wanda ake yi wa kwalliyar fenti kawai. Akwai tambayoyin da amsarsu ta fi farashi muhimmanci: mutum nawa ne a kan kowane jirgi, tun da ƙungiya mai araha wadda ba a samun jirginta ranar hutu ba ta da amfani, ko ana yarda a kwana da jirgi a wani gari, kuma sa'a nawa za a lissafa wa mutum a kowace rana in ya yi haka, idan aka yi ɓarna, nawa ne zai fito daga aljihun wanda ke riƙe da linzami.

Sa'an nan sai jarrabawa, wadda wasu baƙi ke jin ta kamar raini, alhali kuwa ba haka ba ne. Shahadar tuƙi ta Amurka ba ta mutuwa, amma doka ta wajabta wa mai ita ya zauna da malami ya kuma tashi da shi sau ɗaya cikin kowane wata 24, kuma ba zai ɗauki fasinja ba sai ya yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce. Bayan wannan duka, babu mai jirgin da zai miƙa makulli ga wanda bai sani ba, ko da littafinsa na ɗauke da awoyi dubu, sai malaminsu ya hau tare da shi ya ga hannunsa. Malamanmu sun san wannan: ijaza tana nuna wurin wanda ka yi karatu, amma kafin a ba ka limanci a sabon gari sai an ji ƙira'arka.

Dalili mafi ƙarfi kuwa shi ne, jirgin ɗaya ne amma iskar ba ɗaya ba ce. Wanda ya koya a bakin teku a Fulorida, ya koma Denba wadda ke bisa tudun mita 1,600, zai tarar da jakin da ya sani ya zama rago, domin iska tana yin shara-shara gwargwadon hawa da zafi, injin irin wannan kuma yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Da azahar ɗin bazara sai jirgin ya cinye titi mai tsawo kafin ya ɗaga, ya riƙa hawa da ƙyar alhali duwatsu na matsowa. Dole a koya wa baƙo ya rage man da ke shiga inji tun kafin ya tashi, abin da a garinsu sai ya yi nisa a sama yake yi, ya kuma tuna cewa kujera huɗu ba hujja ba ce ta ɗaukar ƙarti huɗu, tun da in an cika tankuna da lita 200, abin da ya rage na mutane da kaya bai wuce nauyin manya uku ba. Kowace ƙasa da irin tata fitinar. Ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tasu ita ce ƙurar hunturu, wadda kan shafe bambanci tsakanin sama da ƙasa har mai tuƙi da ido ya rasa abin dogara.

Lissafin haya yana hannun wani ɗan agogo ne da ake kira Hobbs, mai lambobi irin na mitar lantarki, wanda ke ƙirga lokacin da inji ke aiki, kowace lamba ta ƙarshe minti shida. Ana rubuta abin da ya nuna kafin a kunna da bayan an kashe, a biya bambancin. Don haka mintunan da aka ɓata ana jiran izinin hasumiya su ma kuɗi ne. Idan farashin ya haɗa da mai, masu sana'ar suna ce wa hayar jiƙaƙƙiya, in bai haɗa ba busasshiya, kuma baƙon da bai tambayi wacce ake nufi ba zai yi murnar arahar da babu ita, domin injin yana shan fiye da lita 30 a sa'a. Fuƙaha'un Malikiyya, waɗanda ke kiran hayar dabba da gida da jirgin ruwa kira'i, sun ɗauki mai haya a matsayin amintacce, ba a ɗora masa lamuni sai ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi. Takardun haya na zamani kuwa sau da yawa sun fi haka tsanani, shi ya sa masu hankali ke sayen inshorar kansu.

An taɓa ƙetare sharaɗi ta hanyar da ta girgiza daula. A watan Mayu 1987 wani saurayi Bajamushe ɗan shekara 18, Mathias Rust, wanda awoyinsa ba su wuce kimanin 50 ba, ya karɓi hayar 172 daga ƙungiyarsu da ke kusa da Hambag, ya bi ta Aisland da Norwe har Helsinki, kuma ranar 28 ga watan ya juya gabas, ya ratsa tsaron saman Tarayyar Sobiyat, ya sauka a kan gada dab da Jan Dandali na Mosko. Aka sallami ministan tsaro Sergei Sokolov, aka yanke wa saurayin shekara huɗu, aka sake shi a Agusta 1988. Jirgin kuwa yana gidan tarihin fasaha na Balin. Duk lokacin da na tuna wannan, tunanina yakan koma ga sauran 'yan ƙungiyar, waɗanda suka ba shi makulli a kan yarda.

Yau da gobe, wannan yarda a ƙananan abubuwa take bayyana. Kafin tashi za ka ga matuƙi ya tsuguna ƙarƙashin fiffike da wani ɗan kofi mai tsinke, ya soka, ya tatso mai, ya ɗaga shi ga hasken rana: man jirgi shuɗi-shuɗi ne, in kuwa raɓa ta shiga tanki sai ka ga ɗigon ruwa ya kwanta a gindin kofin kamar ƙwayar tasbaha. Ya leƙa hancin injin ko tsuntsu ya yi sheƙa cikin dare, ya shafa bakin farfela da yatsa yana neman tsaguwa. A bakin titi ya taka birki, ya ƙara wuta, ya murɗa makulli ya kashe maganeto ɗaya ya saurara, ya mayar, ya kashe ɗayar. Bayan ya dawo kuma, ya ɗaure fukafukai da wutsiya da igiya, ya toshe tayoyi, ya rubuta lambar agogo, sa'an nan ya buɗe littafin da ake ajiye wa aibobi, ya rubuta cewa birkin hagu ya yi laushi, ko cewa shi da kansa ya buga tayar gaba da ƙarfi wajen sauka, a duba ta, ya sa hannu da kwanan wata, ya rataye makulli a ƙusarsa domin wanda ya yi rajistar ƙarfe huɗu na yamma.