Mai Agajin Gaggawa a Bakin Tafkin Kainji



Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwan Kwara ya bazu ya zama tafki, sha'anin mutanenmu, na kasuwa da gona da sada zumunci, ya ƙara rataya ga jirgin ruwa; ba kuwa wanda ya manta da musibar watan Mayun 2021, ranar da jirgi ya kife kusa da Wara da ɗimbin bayin Allah a ciki, Allah Ya jiƙansu. Abin da ke sosa mini rai shi ne, wanda aka tsamo numfashinsa ya ɗauke, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, alhali asibitin Yelwa da nisa, balle na Birnin Kebbi. Mu abin da muka gada shi ne a kife mutum, a yi ta matsa cikinsa don ruwa ya fito. Shi kuwa wanda ya yi ilimin abin, hanyar iska zai buɗe, ya hura masa numfashi, sa'an nan ya danna ƙirji sau 30, ya hura sau 2, ya yi ta maimaitawa. Samun irin wannan mutum a kowane mashigi, a ganina, farali ne na kifaya a kanmu.

To, ta ina saurayi ko budurwa za su faro? Daga sakandare ne, da kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik. Daga nan sai JAMB. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin yana cikin na farko da suka horar da masu agajin gaggawa a Nijeriya, karatun kuwa difloma ce ta shekara biyu, wadda hukumar NBTE da ke Kaduna take tantancewa, ɗalibi yana yi yana bin motar ɗaukar marasa lafiya, yana koyon tsai da jini da ɗaure karaya.

Wanda Benin ta yi wa nisa, ga makarantar koyon aikin lafiya ta Jega, inda ake yin shekara uku a fito jami'in lafiyar al'umma. Amma fa, kamar yadda almajiri ba ya zama ya ba da fatawa sai malaminsa ya ba shi ijaza, haka nan shi ma ba shi da izinin taɓa majinyaci sai ya ci jarrabawar hukumar rajistar jami'an lafiyar al'umma, wadda aka kafa a 1992, ya karɓi lasisi, yana kuma sabunta shi.

Iyaye, wanda ɗansa ko 'yarsa ke ajin ƙarshe na sakandare, ya tambaye shi da daren nan yaya yake da Kemistiri.