Manyan kantuna da cin wutar lantarki: aikin ya fara daga ƙofar firigo

Ƴan Nijar da suka daɗe a Faransa sun ga canjin da idonsu. Shekaru goma sha da suka wuce, wanda ya shiga babban kanti irin Carrefour ko Auchan ya nufi layin yawut da man shanu, sanyi ne ke tarbarsa tun daga nesa, domin firigon a buɗe suke, ba ƙofa ba marfi. Yau yawancinsu na da ƙofar gilashi, sai mai saye ya ja kafin ya ɗauki abin da yake so.

Wannan ƙofa ta samo asali ne daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a watan Janairun 2012 tsakanin ma'aikatar muhalli ta Faransa da ƙungiyar manyan kantuna ta FCD, inda aka yi alƙawarin rufe kashi 75 cikin 100 na irin waɗannan firigo kafin shekarar 2020. Masu kantuna sun daɗe suna jan ƙafa, bisa tsoron cewa mai saye ba zai miƙa hannu ba muddin akwai gilashi tsakaninsa da kaya. Kuɗin wuta ne ya rinjaye su daga baya. A babban kantin kayan abinci, injinan sanyi kaɗai na iya cinye kusan rabin wutar da ginin ke sha, kuma ba su hutawa dare da rana, ko ranar da kanti ke rufe. Firigo marar ƙofa kuwa yana zubar da iska mai sanyi a ƙasa, yana jawo mai ɗumi daga cikin kanti, injin ya yi ta aiki a kan abin da ba ya ƙarewa.

Daga nan dokoki suka biyo baya. Wata doka ta 2019 ta tilasta wa gine-ginen kasuwanci da ofisoshi masu faɗin murabba'in mita 1,000 ko fiye su rage makamashin da suke ci da kashi 40 kafin 2030, kashi 50 kafin 2040, sannan kashi 60 kafin 2050. A watan Oktoban 2022 aka hana shaguna barin ƙofa buɗe alhali kilim ko na'urar ɗumama ɗaki na aiki, kuma tarar na iya kaiwa Yuro 750, wato kusan jika 492 na sefa. Sai dokar 10 ga Maris 2023, wadda ta buƙaci a rufe aƙalla rabin duk filin ajiye motoci da ya haura murabba'in mita 1,500 da rumfunan farantan hasken rana. Motoci su samu inuwa, kanti ya samu wuta.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani a takardar kuɗin wuta. Iskar gas da ke zagayawa cikin bututun firigo tana yoyo a hankali, ta mahaɗar bututu da wuraren da aka yi walda. Wadda manyan kantuna suka fi amfani da ita shekara da shekaru, R404A, kilo ɗaya nata in ya tsere yana ɗumama duniya daidai da kilo 3,922 na iskar kabon, kusan tan huɗu ke nan. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana sa irin wannan gas a sabbin injinan sanyi na kantuna tun daga Janairun 2020. Kantuna da dama sun koma amfani da ita kanta iskar kabon ɗin a matsayin gas na sanyi, wasu kuma ƙananan firigo masu aiki da furofen.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram na iya cewa wannan matsalar masu ƙoshi ce, kuma yana da hujja. Yawancin jama'a a kasuwa da wurin mai tebur suke cefane, kuma hayaƙin da ɗan Nijar ɗaya ke fitarwa a shekara bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na Bature. Sai dai lissafin wuta ya bambanta. Mafi yawan wutar Faransa daga tashoshin nukiliya take fitowa, waɗanda ba su fitar da hayaƙin kabon, kuma a baya yuraniyom ɗin Arlit ya daɗe yana cikin abin da ke ciyar da su. A Nijar kuwa, ban da wadda ake sayowa daga Najeriya, mafi yawan wutar na fitowa ne daga injinan mai irin na Goru Banda da kuma gawayin Sonichar a Anu Araren. Duk kilowat ɗin da kanti ya rage a Yamai ya fi na Paris rage hayaƙi.

Sannan akwai abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo wa Nijar kusan kashi 70 na wutarta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Watanni aka yi Nigelec na rabon wuta unguwa-unguwa. Mai kantin da ke da kaji da kifi da madara a firigo zaɓi biyu ya rage masa: ya ƙona gazuwal a gurup, ko ya zubar da kaya. Firigo mai ƙofa da ɗaki mai riƙe sanyi su ne ke ƙara sa'o'in da nama zai jure kafin ya lalace, kuma su ne ke rage girman gurup ɗin da ake buƙata.

Ba duk dabarar Turai ce za ta yi aiki a nan ba. Injin sanyi mai aiki da iskar kabon yana rasa ƙarfinsa idan zafin waje ya wuce digiri 31, alhali a Yamai da Tawa zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40. Tara zafin da injinan firigo ke fitarwa don ɗumama kanti, abin da ake alfahari da shi a arewacin Turai, ba shi da wani amfani a Sahel in ban da ruwan zafi na wanke-wanke.

Abin da ya fi dacewa da nan shi ne wanda ake yanke shawararsa tun a kan takardar zane. Rufi ne ke shan mafi yawan rana. A garin Quimper da ke yammacin Faransa, wani babban kantin E.Leclerc ya shafa wa rufinsa farin fenti a 2015 don rage aikin kilim. In har hakan ya biya a garin da ruwan sama da hazo suka fi rana yawa, ba sai an faɗi abin da zai yi wa kwanon rufi a Birnin Ƙonni ba. Rufi mai hawa biyu, wanda iska ke ratsawa tsakanin kwano da silin, shi Francis Kéré na Burkina Faso ya yi wa makarantar firamaren Gando da aka kammala a 2001, kuma mutumin ya samu kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gini, a 2022. A jihar Tawa, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun gina masallaci da ɗakin karatu na Hikma a Dandaji da bulon ƙasa da aka matse, wanda ke jinkirta shigar zafi cikin ɗaki har rana ta yi sanyi.

Duk da haka, sabon salon da ake yayi a manyan titunan Yamai shi ne gaban shago na gilashi tun daga ƙasa har sama. Yana da kyau a hoto. Idan ya fuskanci yamma kuwa, daga azahar zuwa magariba shagon ya zama tanda, kilim na fama da rana, firigo na fama da zafin da kilim ya kasa korewa. Baranda mai faɗi, ko juya gilashin ya kalli arewa ko kudu, ba ya ƙara wani kuɗin kirki lokacin gini. Gyara shi bayan an gama ne ke da tsada.

Farantan hasken rana su ma sun fi dacewa da kanti fiye da gida, domin lokacin da rana ta fi ƙarfi shi ne lokacin da injinan sanyi suka fi jan wuta. Sharaɗin shi ne a riƙa wanke su, musamman da hunturu, kamar yadda ƙura ke toshe bayan firigo da na kilim ta sa su cin wuta fiye da ƙima.

Sauran tambayar ita ce inda tsofaffin injinan da Turai ke cirewa suke zuwa. Firigo na hannu sun daɗe suna sauka a tashoshin ruwan yammacin Afirka, da araharsu da tsohon gas ɗinsu, abin da ya sa Ghana ta hana shigo da su tun 2013. A ƙarƙashin gyaran Kigali na 15 ga Oktoban 2016, ƙasashen Afirka sun amince su tsayar da ƙaruwar amfani da gas nau'in HFC a 2024, su rage kashi 10 a 2029, har su kai kashi 80 a 2045. R404A na cikin wannan nau'i. Ɗan kasuwar da ya sayi firigo mai aiki da shi a bana, zai nemi gas ɗin cikawa ne a shekarun da ake rage shigo da shi.