Ruwa nawa ɗaki ke sha a daren hunturu?

Mu mutanen Shinaka ba mu da nisa da ruwa. Ga madatsar Goronyo da aka gama ginawa a 1984 kan gulbin Rima, ga fadama kore shar da albasa da tafarnuwa har Wurno. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar da ke shigo mana ɗaki babu ruwanta da wannan. Daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta iso a bushe ƙamas. Laimar iska kan faɗi zuwa kashi 15 cikin ɗari, alhali hanci da maƙogwaro sun fi son kashi 40 zuwa 60. Nan leɓe ke tsagewa, yara su yi ta haɓo, tsofaffi su kwana tari.

Gwaggona kwanon ruwa take turawa ƙarƙashin gado, ta ce ɗaki ya sha. Niyyar ta yi kyau. Lissafin ne bai goyi bayanta ba.

Mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 3. Ka ninka su, ka sami ma'auni 36 na iska, wato kubik mita 36. A zafin digiri 25, ma'auni guda ba ya iya riƙe fiye da giram 23 na ruwa. Kashi 15 na wannan giram 3 da rabi ne, kashi 40 kuwa giram 9 da 'yan kai. Giɓin ya kusa giram 6 ke nan. Sau 36, ya kama giram 200 da ɗoriya, bai ma kai rabin ledar fiya wata ba.

Da a nan zancen ya tsaya, da Gwaggo ta ci gari. To, ɗakunanmu ba tulu ba ne mai murfi. Akwai ƙasan ƙofa, akwai taga, akwai ratar da ke tsakanin bango da kwanon rufi. In iskar ɗakin tana sauyawa sau ɗaya a awa, cikin awa takwas na barci ana neman fiye da lita ɗaya da rabi. In asabari ne kawai a bakin ƙofa, sai ka ninka biyu ko uku. Bangon ƙasa ma yana shan rabonsa kafin hancinka ya samu. Rangwamen da ake da shi: numfashi da zufar babban mutum kan zuba wa ɗaki kamar kofi guda kafin asuba.

Shi kuma kwanon Gwaggo, duba shi da safe, da ƙyar za ka ga ya ragu. Ruwa ta fuskarsa yake tashi, zurfinsa ba ya ƙara komai, kuma ƙarƙashin gado iska a tsaye take. Zane mai yadi biyu, a jiƙa, a ɗan matse, a shanya kan igiya, ya fi kwano goma aiki, don gaba da bayansa duk iska na taɓawa. Zane biyu da yayyafi a daɓe kafin a kwanta sun kusa cike giɓin, in an toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ni toshewar nake sawa a gaba, don ita ke rage yawan ruwan da ake nema tun farko.

Sai dai ruwa in zai tashi zafin ɗaki yake ɗiba, sanyi ya ɗan ƙaru. A nan mutane ke jawo kaskon garwashi, wanda ke ƙara busar da iskar. Kuma wanda ya toshe ƙofa kada ya kuskura ya kwana da garwashi: yana fitar da iskar guba marar wari, mai kisa cikin barci. A ɗuma ɗakin tun da magariba, a fitar da kaskon, sannan a rufe a shanya zanen, nesa da shimfiɗar jariri.