Gargaɗi ga Iyaye da Ɗaliban Lauya Mazauna Sabha: Kada Kowa Ya Taɓa Takardar Sakamako

Jama'ar Hausawa mazauna Sabha, na Gurda da Mahdiyya da Manshiyya, 'yan Kano da Katsina da Damagaram da Maraɗi da Agadas, wannan magana taku ce, musamman mai ɗa ko ƙane da ke karatun lauya, ko a gida ko a nan Jami'ar Sabha. Duk wanda ya same ku, ko ya kira ku ta WhatsApp, ya ce yana da hanya a ofishin jarrabawa, zai ɗaga wa yaronku maki a tiranskirif, wato takardar sakamako, domin ya samu shiga makarantar horas da lauyoyi, kada ku ba shi ko dinari ɗaya. Kada ku tura masa hoton takardar, kada ku ba shi lambar rajistar yaron. In kuma kun riga kun tura kuɗi, ku bar su a matsayin asara, amma ku hana yaron miƙa takardar da aka kawo masa ko'ina.

Na keɓe ku da wannan kira ne saboda nisa. Uban da ke Kano, in aka ce masa an samu matsala a sakamakon ɗansa, zai hau mota ya je Jami'ar Bayero ya ga shugaban tsangaya ido da ido. Alhajin da ke Sabha ba shi da wannan dama. Abin da ke hannunsa waya ce da mai aika kuɗi, ga zuciyar uba da ba ta son a ce ɗansa ya rasa abu don shi ba ya nan. Irinsa dillalin takarda yake nema.

Kafin a zo kan masu jabu, ya kamata kowa ya san yadda lissafin yake, domin ko gyaran halas yana iya juya makomar ɗalibi. A yawancin jami'o'in Nijeriya ana auna ɗalibi a kan ma'aunin 5. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A, maki 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C ce, maki 3, haka abin ke sauka har F, wadda ba ta da komai. Kowane darasi yana da nauyinsa na yunit, kuma manyan darussan lauya, irin su dokar ƙasa da dokar shaida, sukan ɗauki yunit 4 a zango. Ana ninka makin da nauyin darasin, a tara na shekara biyar ɗin digiri, a raba da jimillar yunit. Abin da ya fito shi ne CGPA. Daga 4.50 daraja ta ɗaya ce, daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama, daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ta ƙasa.

A ɗauka ɗalibi ya yi yunit 200, ya tara maki 700. CGPA ɗinsa 3.50 cif, yana bakin daraja ta biyu ta sama. Sai aka sake duba wani darasi mai yunit 4, aka ga an yi kuskuren tarawa, B ɗinsa ta koma C. Maki 4 kawai ya rasa, amma 696 a raba da 200 ya zama 3.48, ya faɗo daraja ta ƙasa. Wannan ya sa nake jan kunnen ɗaliban da ke garajen neman a sake maka musu takarda. Mai sake dubawa yana iya ƙarawa, yana iya ragewa, kuma abin da ya samu shi za a rubuta. Wanda ya tabbata an cuce shi ya nemi haƙƙinsa, amma ya zauna da biro da takarda ya lissafa abin da zai faru in makin ya sauka.

Kari-oba ta fi wannan ruɗa mutane. Ɗalibi ya faɗi darasi mai yunit 4, ya maimaita a shekara mai zuwa ya ci A, sai ya ɗauka F ɗin ta goge. A jami'o'i da yawa ba ta gogewa, nauyinta yana nan cikin abin da ake rabawa da shi. A ce sauran darussansa yunit 196 ne da maki 686. In an ƙirga zama na biyu kaɗai, 706 a raba da 200, ya samu 3.53. In an ƙirga duka biyun, 706 a raba da 204, ya samu 3.46. Yaro ɗaya, jarrabawa ɗaya, daraja biyu daban. To a nan ne dillali yake shigowa da cewa zai cire layin F ɗin kawai, ai yaron ya riga ya ci darasin, ba ƙarya aka yi ba. Ƙarya ce tsagwaronta. Layin da aka cire daga takarda yana nan a kundin tsangaya, yana nan a sakamakon da Majalisar Jami'a ta zauna ta amince da shi, kuma da wancan kundin ake gwada takardar da yaron zai miƙa.

Akwai kuma waɗanda karatunsu ya ratsa lokacin da wasu jami'o'i suka koma ma'aunin 4, kafin hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ce a dawo kan na 5 a 2018. A ma'aunin 4, mai 3.50 yana daraja ta ɗaya. Wanda takardarsa ta haɗa ma'auni biyu ya tabbatar jami'a ta rubuta bayanin haka a jikinta.

Me ya sa wannan ya shafi shiga makarantar lauyoyi? Makarantar, wadda aka kafa a Legas a 1962, yanzu hedikwatarta na Bwari kusa da Abuja, tana da rassa har da na Bagauda a Kano da na Yola, ba ta ɗaukar kowa daga titi. Majalisar Ilimin Shari'a ta yanka wa kowace tsangayar lauya adadin ɗaliban da za ta turo, kuma ta hannun tsangayar sunaye suke tafiya. Inda waɗanda suka kammala suka fi gurbi yawa, dole wasu su jira, kuma a wasu tsangayoyin CGPA na cikin abin da ake jera su da shi. Saboda haka gyaran da ya zo bayan an aika sunaye, ko da na gaskiya ne, yana iya sa takardar da ke hannun yaro ta saɓa da wadda ke Bwari. Ma'aikacin da ke tantancewa ba zai tsaya yana tambayar wace ce ta gaskiya ba, zai ajiye fayil ɗin gefe ne, shekara ta wuce.

Yanzu ga ku da 'ya'yanku ke karatu a nan. Kashfu darajat, wato tiranskirif na Libiya, yana tafiya ne a kan ɗari: 85 zuwa sama mumtaz, 75 zuwa 84 jayyid jiddan, 65 zuwa 74 jayyid, 50 zuwa 64 maƙbul. Ku lura, 70 da take A a Zariya, a Sabha jayyid ce, mataki na uku. A Yamai kuwa, inda ake auna ɗalibi a kan 20, wanda ya samu 14 ya yi abin yabo. Wannan bambancin ne yake sa wasu, da kyakkyawar niyya, su ce wa mai fassara ya mayar musu da makin zuwa A da B, ya rubuta CGPA a ƙasa yadda za a gane a gida. Kada ku yi. Aikin mai fassara shi ne ya juya Larabcin zuwa Turanci ko Faransanci, lamba ta zauna yadda jami'a ta rubuta ta. Auna darajar takardar aikin sashen tantance takardu ne na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, bayan ta bi ta hannun hukumomin Libiya da ofishin jakadanci a Tarabulus. Tafiyar fiye da kilomita 700 ce daga nan, na sani, kuma hanyar ba ta da daɗi, amma hatimin da aka buga maka a shago ba zai maye gurbinta ba.

Wani abin da ya fi maki nauyi ga masu karatu a nan shi ne irin darussan. Dokar Libiya ta farar hula ta biyo tsarin Masar ne, wanda Abdurrazzaƙ Sanhuri ya tsara, haɗe da fiƙihun Malikiyya. Nijeriya kuwa tsarin Ingila ta gada. Wanda ya yi digiri a waje sai ya fara da zangon share fage a makarantar lauyoyi, kuma kafin a karɓe shi ana duba jami'ar da ya fito da darussan da ya yi. Duk wanda ya ce zai canza muku sunan wani darasi a fassara, ya yi kama da na tsarin Ingila, jabu yake shirya muku. Ku rubuta wa Majalisar Ilimin Shari'a ku tambayi matsayin digirin tun yaro yana shekarar farko.

Masu hangen Amurka su ma su ji. Can wata hukuma ce mai suna LSAC take tattara takardun masu neman makarantun lauya, kuma ba ta ɗaukar lambar da jami'a ta rubuta a ƙasan takarda, sabon lissafi take yi. Darasin da aka maimaita, muddin makin farko ya fito a takardar, duka biyun take ƙirgawa. A+ a wurinta 4.33 ce. Makin da aka samu bayan kammala digirin farko ba ya shiga lissafin. Takardun ƙasashen waje kuwa wasu ƙwararru ake bai wa su auna, su sa ɗalibi a ɗaya daga matakai huɗu. Daga jami'a kai tsaye take karɓar takarda, in an yi gyara sai jami'ar ta sake aikowa, in kuma ta kama maguɗi tana sanar da makarantun da ɗalibin ya nema.

Kada wani ya ce muku ba a kamawa. A Disamban 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken ɗan jaridarta Umar Audu, wanda ya sayo digiri da tiranskirif daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Janairun 2024, gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo baki ɗaya, masu gaskiya suka sha wahala tare da masu jabu. Tun daga lokacin duk takardar da ta ƙetaro iyaka ana yi mata kallon tsaf. Ku tuna da Salisu Buhari, ɗan Kano, da ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai a 1999 kan takardar Jami'ar Toronto. Ku tuna da Kemi Adeosun, ministar kuɗi, da ta ajiye aiki a 2018 kan takardar yafe bautar ƙasa, tana cewa wasu ne suka karɓo mata, ba ta san jabu ba ce. Wannan uzurin bai tsare mata kujera ba, kuma shi ne uzurin da ɗanku zai kawo in ku kuka sayo masa.

Ga lauya abin ya fi muni. Kafin a rantsar da shi sai manyan alƙalai ko lauyoyi biyu daga majalisar da ke rantsarwa sun sa hannu cewa mutumin kirki ne, ya cancanta. Jami'a na da ikon janye digirin da ta gano an samu ta hanyar maguɗi ko bayan shekaru, kuma ana iya soke sunan lauya daga rajista. Sashe na 364 na kundin Final Kod na Arewacin Nijeriya ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 14 ga mai ƙirƙirar takardar jabu, kuma wanda ya yi amfani da ita yana sane bai tsira ba.

In akwai kuskure na gaskiya a sakamako, yaron da kansa ya rubuta ƙorafi ta hannun jami'in jarrabawa na tsangayarsa, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Gyaran zai bi ta kwamitin tsangaya har Majalisar Jami'a, sannan ofishin rajista ya fitar da sabuwar takarda. Duk kuɗin da za a biya ya shiga asusun jami'a da rasit, ba asusun wani mutum ba. Ku kira 'ya'yanku a makon nan, ku sa su karɓi sakamakon kowane zango su tara lissafin da kansu, musamman waɗanda ke shekara ta huɗu da ta biyar, tun kafin tsangaya ta rufe jerin sunayen da za ta aika Bwari.