LABARIN GARIN LAKWAJA

Duk wanda ya dubi taswirar ƙasarmu zai ga manyan koguna biyu, watau Kwara da Binuwai, sun gamu wuri guda, sa'an nan suka nufi kudu tare har teku. A nan magamar, a gindin Dutsen Patti, garin Lakwaja ya ke. Ya kamata mu san dalilin kafuwarsa, gama labarinsa yana nuna mana yadda hanyar ciniki ta ke ta da gari, kuma yadda ta ke kwantar da shi.

Tun kafin zuwan Turawa, Nufawa da Kakanda da Igala su ke kai da kawowa cikin jiragen kwale-kwale a wannan wuri, fataken Hausa kuwa suna gangarowa da kanwa da fatu. A 1830 waɗansu Turawa biyu, wa da ƙane, masu suna Lander, suka bi Kwara har inda ta faɗa teku. Da labari ya kai Ingila sai attajirai suka ɗaura niyyar shigowa da jiragen wuta. Amma masassara ta tare musu hanya. Waɗanda aka aiko a 1841 sun kafa gona kusa da magamar, ba su daɗe ba cuta ta kashe da yawa daga cikinsu, sauran suka koma.

Wanda ya warware wannan matsala shi ne Likita Baikie. A 1854 ya hau Binuwai da jirgi, ya sa mutanensa shan kwini kullum, suka koma ba wanda ya mutu. A 1857 ya sāke zuwa, jirginsa ya bugi dutse kusa da Jaba ya fashe. Bai koma gida ba, sai ya gangaro ya zauna a Lakwaja da yardar Masaba, Sarkin Nufe na Bida. Kowa da abin da ya ke nema: Baikie yana bukatar tsaro, Masaba kuwa yana bukatar bindigogi da albarushi. Aka buɗe kasuwa, bayin da aka 'yanta da baƙi suka yi ta taruwa. Ana sauke gishiri da tufafi, ana ɗaukar hauren giwa da man kaɗanya. Baikie ya koyi Hausa, har ya ziyarci Kano a 1862, ya rasu a Saliyo a 1864.

Bayan haka kamfanonin Turawa suka yi yawa bisa kogin, har Goldie ya haɗa na Ingilishi wuri ɗaya a 1879. A 1886 Gwamnatin Ingila ta ba wannan kamfani, watau Kamfanin Neja, ikon mulki, Lakwaja ta zama barikin sojansa. Ran 1 ga Janairu 1900, a nan aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya karɓi mulkin Arewa. Nan kuma aka riƙa kai sarakunan da aka tuɓe. Sarkin Kano Alu ya rasu can a 1926, Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi kuwa a 1924.

To, abin da kogi ya kawo, jirgin ƙasa ya ɗauke. An mai da hedkwata Zungeru a 1902. Hanyar jirgi daga Baro ta isa Kano a 1911, aka kuma haɗa ta da ta Ikko, ba ta biyo ta Lakwaja ba. Da gyaɗa da auduga suka sami hanyar da ba ta jiran cikar ruwa, sai tashar ta fara yin sanyi. Ba ta farfaɗo ba sai da hanyar mota tsakanin Kudu da Arewa ta ratsa ta, kuma aka mai da ita babban birnin Jihar Kogi a 1991.

Saboda haka, 'yan'uwa, in mun zo koya wa yara labarin ƙasa, kada mu tsaya ga haddar sunayen garuruwa kaɗai. Mu tambaye su wace hanya ce ta bi ta garinsu, wa ya ke tsaronta, me kuma zai sami kasuwarsu in ta kauce. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.