FASHIN BAƘI: Daga ajin ƙarshe zuwa digiri na biyu, a ina tallafin gwamnati ke tsayawa ga ɗalibin Jigawa?

Kafin shekarar 2011 babu jami'a ko ɗaya mai mazauni a Jihar Jigawa. Yaron da ya tashi a Gantsa ko Kukuma, cikin Ƙaramar Hukumar Buji, in yana son digiri sai ya nufi Kano, Zariya ko Maiduguri. A shekarar ce aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, ɗaya daga cikin tara da gwamnatin Goodluck Jonathan ta buɗe, sannan a 2013 jihar ta kafa tata a Kafin Hausa, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamido a yau. Digirin farko ya matso kusa da gida. Tambayar da ke gaban 'yan ajin ƙarshe yanzu ita ce: bayan an rubuta jarrabawar ƙarshe, abokai sun cike farar riga da sa hannu, ta ina ake shiga digiri na biyu, kuma wa zai biya?

Makin da aka tara tun ajin farko

A tsarin maki biyar da galibin jami'o'in Najeriya ke bi, matsakaicin makin ɗalibi, wato CGPA, shi ke yanke darajar digirinsa. Daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya ce. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama, daga 1.50 zuwa 2.39 kuma daraja ta uku.

Mafi ƙarancin abin da ake nema don shiga digiri na biyu shi ne daraja ta biyu ƙarama, amma sassa da yawa ba sa kallon wanda bai kai 3.00 ba. Mai daraja ta uku, da mai babbar diflomar HND daga kwalejin kimiyya da fasaha, yawanci sai sun fara yin diflomar bayan digiri, PGD, wadda ke cin aƙalla shekara guda da kuɗinta. Don haka ɗalibin da ke kan 3.40 ko 2.90 a zangon ƙarshe, furojet ɗinsa da sauran kwasa-kwasan da suka rage ba abin cika sharaɗi ba ne. Su ne za su yanke masa ƙofar da zai iya ƙwanƙwasawa.

Takardun da ke riƙe mutum

Jami'o'i ba sa yi wa mutum rajistar digiri na biyu sai da shaidar kammala yi wa ƙasa hidima ko takardar yafewa daga hukumar NYSC. Ita kuma NYSC ba ta kiran wanda sunansa ba ya cikin kundin ɗaliban da JAMB ta san da shigarsu. Wanda aka ba gurbi ta bayan fage yakan gano hakan ne sai abokan karatunsa sun karɓi takardar kira zuwa sansani. Daga 6 ga Oktoba, 2025, an ƙara wani sharaɗin: sai ɗalibi ya nuna cewa an shigar da furojet ɗinsa a rumbun bayanan ilimi na ƙasa, NERD, kafin a tura shi hidima ko a yafe masa.

Wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala, takardar yafewa ake ba shi. Tana isa wajen neman gurbi, sai dai ya rasa alawus ɗin shekara guda. Yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 sun tura wasu cikin wannan rukuni ba da laifinsu ba, musamman 'ya'yan karkara da ba su shiga makaranta da wuri ba.

Sai takardar cikakken sakamako, wadda tsohuwar jami'a ke aika wa sabuwa kai tsaye. Mai hankali yakan nemi tasa tun yana cikin hidimar ƙasa, domin ba kasafai take fitowa a ranar da aka so ba.

Wa ke biya?

Nan ne maganar take. Asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokarsa a Afrilun 2024, bai haɗa da masu digiri na biyu ba. Hasali ma, wanda ya ci bashin a digirin farko zai fara biya ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashinsa in ya samu aiki.

Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin digiri na biyu da na uku, amma na malaman manyan makarantun gwamnati ne kawai. Sai jami'a ko kwaleji ta ɗauke ka aiki tukuna, sannan ta miƙa sunanka. Daga farkon 2025 kuma asusun ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje, bayan faɗuwar darajar Naira, wadda ta tashi daga kusan 460 a kan Dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. A shekarar 2025 ɗin ce Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da daina shirin BEA, wanda ake tura ɗalibai ƙasashe irin su Rasha, Maroko da Hungary ta cikinsa.

Abin da ya rage gasa ce ta ƙasa baki ɗaya. Asusun PTDF ya fi karkata ga fannonin da suka shafi man fetur da makamashi. Tallafin Commonwealth na son daraja ta biyu babba. Chevening ta Birtaniya na neman gogewar aiki ta shekara biyu. Duka ta intanet ake cikewa, kuma ana buƙatar wasiƙun malamai da rubutun da ke bayyana abin da mai nema zai yi da karatun. Ɗan Buji na fafatawa ne da 'yan Legas da Abuja waɗanda suka san ranar buɗe waɗannan shafuka tun suna aji biyu. Shi ya sa zama da malamin da ke duba furojet lafiya ke da amfani fiye da makin da zai bayar: shi ne zai rubuta wasiƙar.

Ga mafi yawa, jarin da ke hannu shi ne alawus ɗin hidimar ƙasa. An ɗaga shi daga Naira 33,000 zuwa 77,000, aka fara biya a Maris 2025, wato Naira 924,000 a wata goma sha biyu. Daga ciki za a ci abinci, a biya mota, a aika gida lokacin sayen taki. Abin da ya saura ne zai fuskanci kuɗin fom, rajista, masauki a Dutse ko Kano, da kuɗin bincike, a karatun da aka ce na wata goma sha takwas ne amma yakan zarce. Sauran kuma sai a koma kan riɗi ko tumakin gida.

A ganin wannan jarida, akwai tufka da warwara a tsarin. Jigawa na da jami'o'in gwamnati a Dutse, Kafin Hausa da Babura, kuma dukkansu na buƙatar malamai masu digiri na uku. Amma kuɗin gwamnatin tarayya na horar da malami ba ya isa ga matashi sai ya riga ya samu kujerar mataimakin malami, kujerar da ba kullum ake tallata ta ba.

Wannan giɓi gwamnatin jiha ce za ta iya cike shi, ta hannun Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jigawa. Ƙungiyoyin ɗaliban Buji na da damar tambayar nawa aka ware wa masu digiri na biyu a kasafin kuɗi, nawa aka saki, kuma mutum nawa suka amfana daga kowace ƙaramar hukuma cikin 27. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa irin wannan wasiƙa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi.